Makarantar da Ka Bar Mini a Ƙofar Marke

Zuwa ga Kawuna, Malam Buhari, a duk inda wagga takarda ta iske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, da ban girma irin wanda ɗa ke yi wa uba, ina fatan kana lafiya, ƙafa ba ta gaza ba, ido kuma bai ƙara rauni ba. Mutanen gida duk suna gaishe ka. Inna, ƙanwarka, ta ce in gaya maka ta gaji da tare alhazai a ƙofar gida tana tambayarsu ko sun gan ka.

Labarinka na ƙarshe da munka ji, wani mutumin Wurno ne ya kawo shi. Ya ce ya gan ka a wani ƙauye a ƙasar Sudan, ka tara 'ya'yan mahajjata a gindin itace kana koya musu karatu, wai kana jiran ƙafarka ta warke ka ci gaba da tafiya. Da na ji haka dariya na yi har da hawaye. Mutum ya bar makaranta a Sakkwato don ya je ya sauke farali, ya je ya buɗe wata a bakin hanya. Wallahi Kawu ba ka da dama.

Akwai ayarin da zai tashi gabas bayan girbi, su zan ba takardar. Ko za ta kai gare ka, Allah masani. Amma dole in rubuta, don ka tafi ka bar ni da tambaya guda wadda ka ƙi amsa mini, kuma ina so ka ji yadda ta ƙare.

Ka tuna farkon makarantarmu ta Ƙofar Marke? Ni ina ƙarami lokacin, amma ban manta ba. Zaure guda ne da rumfunan zana, sai ceɗiya a tsakar fili. Nasara ba su daɗe da cin gari ba, zuciyar kowa da ɗaci, ga shi an ce a kawo yara boko. An naɗa ka babban malami, amma babu yaran. Wasu sun tura 'ya'yansu ƙauye wurin dangi, wasu su ce yaron ba shi da lafiya, alhali ga shi can a lungu yana wasan langa.

Abin da ya cika rumfunan nan, ai ka fi ni sani, Malam Isa ne. Ran da anka ji ya yarda zai riƙa koyar da Alƙur'ani da fiƙihu a ciki, iyaye sunka ce to, in dai Malam Isa yana zaune a wurin, ba mai juya wa yaro addini. Tun daga ranar kowa ya san in ya naɗe buzunsa ya fita, yara za su bi bayansa, a bar mu da rumfa da baƙin allo.

Shi ne kuma malamina tun kafin boko. Shi ya rubuta mini allona na fari, a gabansa na yi sauka, har yau in na ji gyaran muryarsa sai na gyara zama. Ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba.

Da na dawo daga makarantar horon malamai, da farar riga da ɗan Turancina, gani nake babu abin da ya rage ban sani ba. Kai kuwa ka riga ka ƙudura niyyar hajji a ƙafa, ba wanda ka gaya wa sai ni da Inna. Ka ce ni za ka bar wa makarantar, amma kafin ka tafi za ka koya mini abin da ba a koyarwa a can. Ka ce sun koya mini tsayuwa gaban yara, saura in koyi tsayuwa gaban manya.

Ka fara da sa ni in riga kowa zuwa. In leƙa randa in ga ko da ruwa, in duba salga, in ɗaga kai in ga inda gara ta ci azara. Raina ya ɓaci, ban dai faɗa ba. Duk karatun da na yi, ashe don in zama mai duba randa ne? Sai ga shi wata safiya na iske ta tsage, ruwan ya tsiyaye ƙasa. Da ba a sake ta ba, da ranar Malam Garba mai koyar da lissafi ya gaji da zane yara don sun kasa zama, bai san ƙishirwa ce ba.

In an tashi kuma tare muke komawa gida, ta wajen marina, mu ratsa ta gaban majema da warin nan nasu da kake cewa yana buɗe maka hanci. Ba ma kaiwa rabin hanya sai ka ce, "Mi kag gani yau?" In na ce ban ga komai ba, sai ka fara jero mini. Yaron gidan wane ya zo ba hula, ke nan ba a gida ya kwana ba. Malam wane ya yi hamma tun da hantsi, matarsa ce ba lafiya. Ni da kai wuri guda munka wuni, amma sai in ji kamar ba makaranta ɗaya muke ba. Har yanzu in na bi hanyar nan ni kaɗai, nakan ji tambayar a kunnena.

Sai zaman zaure. In uba ya zo da ƙara, ka sa in zauna bayanka, ka hana ni magana. Na tuna wani manomin fadama da ya zo da damina, ya ce zai cire ɗansa, shinkafa ta fi ƙarfinsa shi kaɗai, boko kuwa ba a tuƙa tuwo da shi. Ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ni ina bayanka ina tafasa, amsoshi cike da bakina. Kai kuwa ka sa an kawo masa fura, ka tambaye shi ina ruwa ya kai a fadamar, ka bar shi ya yi ta yi har ya fara maimaita kansa. Sannan ka ce yaron ya je ya taya shi har a gama noma, ya dawo. Ya kuwa dawo. Da mutumin ya fita ka juyo ka ce mini, "In mutum bai fara maimaita maganatai ba, bai ƙare ba. Kak ka tare shi."

Ka koya mini shiga ajin wani malami in zauna can baya, in fito ban ce uffan ba. In da gyara, sai an tashi, a gindin ceɗiya, a ɓare goro tukuna, a fara da abin da ya yi daidai. Malam Garba ya girme ni, ga zafin kai, amma ta haka munka saba, har ya riƙa kirana da kansa in zo in ga darasi.

Abin da ka fi nanata mini shi ne zancen Baturen makaranta, wanda ke zuwa duba mu lokaci-lokaci. Na sha ganinku kun shige zaure kuna ja-in-ja a kan wata doka, kai da Hausarka, shi da tasa gurguwar. In ka rinjaye shi, shi ke nan. In ya rinjaye ka, sai ka fito ka tara malamai ka ce, na ce a yi kaza. Ban taɓa jin ka ce Bature ya ce ba. Da na tambaye ka dalili, ka ce wanda ya laɓe bayan Bature, ran da Baturen ya hau dokinsa ya tafi, shi ma ba mai sake jin maganarsa.

Duk wannan na koya. Saura zancen ƙarfe.

Tsohon bakin galma ne ka rataye a ceɗiya, kai da kanka kake buga shi in lokacin darasi ya ƙare. Kowa na jin sa ya rufe littafi, ban da Malam Isa. Darasinsa shi ne na farko da safe, don girman Alƙur'ani da girmansa. Shi kuwa a wurinsa karatu ba ya ƙarewa sai malami ya kai aya, ya ce wallahu a'alamu, an shafa fatiha. Haka ya gada, haka ya koyar da iyayen yaran. Ƙarfe a ganinsa na korar tsuntsaye ne a gonar gero, ba na tashin malami daga kan littafi ba.

Kai kana da maganinsa, don tare anka yi muku kaciya, a zaure guda kunka yi karatu. Sai ka buga ƙarfen, ka tako a hankali ka jingina da bakin rumfa, ka ce, "Isa, ka rage ma gobe." Ya harare ka, ya ce kai dai Nasara sun gama da kai, yara su ƙunshe dariya, ya shafa fatiha ya tashi. Kullum haka, kuma kullum sai na ji daɗin kallonku.

Ana gab da tafiyarka na tambaye ka, ni fa yaya zan yi da shi? Ni da ban iya kiran sunansa, ina ni ina jingina da rumfa in tsokane shi? Ka yi dariya, ka ci gaba da ɗinkin salkarka, ka ce wannan kam ni zan nemo amsarsa da kaina, in ka gaya mini to har yanzu kai ne babban malami. Na ji haushinka ranar, Kawu, ba kaɗan ba.

Munka raka ku har bayan ganuwa da hantsi, kai da jakinka da sandarka. Ka miƙo mini guntun ƙarfen da kake bugu da shi, ka juya ba ka waiwayo ba. Inna ta yi kuka. Ni na daure, sai da na koma makaranta na ga tabarmarka a zaure.

Washegari na buga ƙarfe. Malam Isa bai ko ɗaga kai ba. Na tsaya a gindin ceɗiya na rasa abin yi, Malam Garba kuma yana tsaye a bakin rumfa da allinsa, yana jiran yara, yana dubana. Haka munka yi ta yi. Wata rana darasin lissafi ya tafi rabi, wata rana ya tafi duka. Na gwada bugawa da ƙarfi, na gwada jinkirtawa, na gwada zuwa in tsuguna a bakin rumfa ko zai gane. Sai ya ɗauka karatu na zo saurare, ya ƙara buɗe wani babi domina.

Malam Garba ya fara cewa a gaban mutane makarantar ba ta da mai ita. Bai yi ƙarya ba.

Sai Baturen ya zo. Ya zauna ya ga abin da idonsa, ya jarraba yara lissafi, sunka yi ta kallon ƙasa. Ya ja ni zaure ya ce in ya dawo ya iske haka, zai sa a sallami tsohon, a kawo matashi wanda ke jin ƙarfe. Na yi masa bayani iyakar iyawata, cewa in tsohon ya fita yara sun fita. Ya ce to wannan aikina ne, shi ya sa anka ba ni wurin.

Kawu, na rame a kwanakin nan. Inna ta zaci shawara ce ta kama ni, har ta jiƙa mini sassaƙe. In na ƙyale Malam, a sallame shi da wulaƙanci, makaranta ta watse. In na yi masa magana ya yi fushi ya fita, makaranta ta watse. Duk inda na juya sai in ga rumfunanka babu kowa, ka dawo ka tambaye ni ina amanarka.

Sai na koma ga abin da ka saba sa ni, kallo da saurare. Na riƙa zuwa zaurensa na gida inda yake ba manya karatu, in zauna a baya. Nan na lura da abin da na sani tun ina yaro amma ban taɓa kula da shi ba. Ko yana tsakiyar magana, in ladan ya ɗaga murya, Malam Isa rufe littafi yake yi nan take, ba ya jiran kai aya. Na ce a raina, to in darasinsa ya koma na ƙarshe, ya yi iyakar yinsa, kiran azahar ne zai tashe shi, ba ni da ƙarfena ba.

Dabarar ta yi, faɗarta ce aiki. Ka san yadda za a ji a garin nan in an ce an ɗauke Alƙur'ani daga farko an mai da shi ƙarshe, an sa lissafin Nasara a gabansa. Kuma yaron da ya rubuta wa allo ne zai je ya faɗa masa.

Ban aika a kira shi ba, ka san ba zan yi haka ba. Na bari sai da ya sallami masu karatu bayan la'asar, na tuɓe takalmi tun daga waje, na shiga na tsuguna. Munka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi ko an ji labarinka. Sannan na faɗa, kaina a ƙasa. Na ce daga gobe karatunsa zai koma kafin azahar, don ba zan iya ci gaba da buga ƙarfe a kansa ba, yara kuma suna rasa lissafi.

Ya daɗe yana jan carbi. Sai ya ce, "Kai kac ce, ko Annasara yac ce?"

Wallahi Kawu, hanya a buɗe take. Da na ce Bature ne, da ya tsine wa zamani, ya tausaya mini, mu rabu lafiya ina nan yaronsa. Har bakina ya buɗe. Sai na ji kamar kana zaune bayana, yadda nake zama bayanka. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ni nac ce."

Ya ɗauki butarsa ya shiga gida, ya bar ni tsugune.

Ban san wanda ya ji mu ba, amma ka san Ƙofar Marke. Da na zo makaranta da safe na iske iyaye sun cika fili, wasu riƙe da hannun 'ya'yansu. Malam Isa kuwa babu shi babu buzunsa. Na shimfiɗa musu tabarmi, na sa an kawo ruwa, na zauna na bar su sunka yi ta yi. An ce ɗan boko ya nuna halinsa. An ce tun ran da ka tafi anka san haka za ta faru. Wani ya ce da kai ne, ko a mafarki ba za ka yi wa Malam haka ba. Wannan ta ƙarshe ita ta fi mini ciwo, amma na haɗiye, ban tare kowa ba.

Da sunka gaji na yi musu bayani. Ba su karɓa ba. Sunka ce sai sun ji daga bakin Malam, in kuwa bai zo ba, kowa zai tafi da ɗansa. Munka zauna jira, rana tana ɗagawa, ni ina kallon hanya.

Sai ga shi tafe da sandarsa, buzu a kafaɗa, daidai lokacin da na ce masa. Bai kalli kowa ba. Ya shiga rumfa ya shimfiɗa buzu ya zauna, ya yi gyaran murya. Yara sunka zame daga hannun iyayensu sunka shiga, don ba yaron da zai ji wannan gyaran murya ya tsaya.

Na bi su in yi masa sannu da zuwa, ina shirin tsugunawa yadda na saba. Kawu, kafin gwiwata ta kai ƙasa, tsohon nan ya dafa sandarsa ya miƙe tsaye. Da ciwon gwiwarsa, da furfurarsa, a gaban yara da iyayensu da Malam Garba, ya miƙe mini. Ya juya wurin mutane ya ce, "Ni nar rubuta mai allonai na fari. Amma wanga wuri shi ad da magana, ni ma ƙarƙashinai nike. Wanda ya yarda da ni, shi bar ɗanai."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige. Ɗaya bayan ɗaya iyayen sunka saka takalma, sunka tafi gonakinsu da rumfunansu na kasuwa. Shi kuma ya yi karatunsa har ladan ya kira azahar, ya rufe littafi.

Bature ya dawo ya iske komai daidai, ya yaba, ya tafi. Makaranta tana nan, Kawu. An rushe rumfunan zana an yi ginin ƙasa, 'ya'yan waɗanda ka koyar sun fara shigowa. Malam Garba ya samu tasa makarantar a ƙauye. Yanzu wani sabon malami ne ke zama bayana a zaure, yana tafasa in iyaye na magana, ina jin sa ina dariya a ciki. Amanarka ba ta watse ba.

Amma ba ka gaya mini abin da zan rasa ba.

Tun daga ranar, duk sanda na shiga ajinsa sai ya miƙe. Na roƙe shi, na sa Inna ta aika a roƙe shi, ya ce yara na kallo, in bai yi ba su ma ba za su yi ba. Yanzu gwiwar ta yi tsanani, tashin ba ya yi masa sauƙi, sai ya dafa bango yana nishi. Saboda haka na daina shiga. Sai in tsaya ta bayan taga inda ba zai gan ni ba, in saurari muryarsa kamar ɓarawo.

Ko a zaurensa na gida, inda har gobe tsugunawa nake yi, ya daina yi mini faɗa. Da can in na yi tuntuɓe a karatu ko hulata ta karkace, sai ya daka mini tsawa, ya kira ni Cindo, sunan da kuke kirana da shi a gida saboda ɗan yatsa na shida da anka haife ni da shi. Yanzu Babban Malami yake ce mini, shi da kowa. Inna ma ta koma kirana Malam, wai ba za ta rage mini girma a gaban jikoki ba. Makaranta ta zauna, amma na rasa malamina yana raye. Abin nan yana ci mini rai, kuma ba wanda zan gaya wa a Sakkwato, don duk wanda na dosa gyara zama yake yi.

Kai kaɗai ka rage, Kawu. In ƙafar ta warke ka je ka sauke faralinka, ka yi mana addu'a a gaban Ɗakin Allah, amma ka dawo. Ba don makaranta ba, ita ta tsaya da ƙafarta. Ka dawo ka zauna ko ba ka yi komai ba, ka ga na shigo ka ƙi tashi, ka ce mini na yi shirme.

Allah ya ba ka lafiya, ya sauƙaƙa maka hanya, ya nuna maka Ka'aba da idonka, ya kai ka ziyarar Manzo. Allah ya ba Malam Isa sauƙi, ya sa mu rabu da shi lafiya. In kuwa takardar nan ta iske ka riga ka kwanta dama a wata ƙasa, Allah ya haskaka makwancinka, ya sa duk harafin da yaro ya koya a makarantar nan ya zama nauyi a mizaninka. Amin.

Wassalam. Ɗanka mai begenka,

Cindo